Bizar haihuwa da takardar indijin

Bayan sallar isha'i 'yar ƙanwar mahaifiyata ta kira ni daga Abuja, muryarta ƙasa-ƙasa kamar wadda aka aiko wa da saƙon rasuwa. Cikinta wata biyar a lokacin. Shekara biyu ita da maigidanta suna tari, har ɗan filin da ta gada a wajen Bukuru ta sayar, da niyyar in ciki ya tsufa ta tashi zuwa Amurka ta sauka a can. Sai ga shi a ƙarshen Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Najeriya ya fitar da sanarwa a shafinsa na X, cewa duk wadda jami'in biza ya fahimci haihuwa ce babban abin da zai kai ta, don jaririn ya zama ɗan ƙasa, to ba za ta samu ba. Makonni kaɗan kafin nan kuma an rage wa 'yan Najeriya bizar ziyara daga shekara biyar zuwa wata uku, shiga ɗaya tak.

"Yaya, ya zan yi?" in ji ta. "Ejan ya ce in ce biki za ni, ranar intabiyu in sa abaya mai faɗi."

Na ce mata kada ta soma. A dokarsu, wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza, ƙofar ta rufu gare shi har iya rayuwarsa. Ko babu wannan ma, ban ga yadda za a fara wa yaro rayuwa da ƙarya tun bai zo duniya ba. Ta yi shiru, har na ɗauka layin ne ya yanke. Can sai ta ce, "Yaya, wallahi ni ba Amurka ce ta dame ni ba. So nake ɗana ya samu wuri ɗaya a duniya da ba za a tambaye shi daga ina kakansa ya zo ba."

Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ni dai ban ga laifin Amurka a kan bizar nan ba, ko da hakan ba zai yi wa wasu daɗi ba. Biza sallama ce a ƙofar gidan mutum, mai gida kuwa shi ke da ikon faɗin abin da za a shigo yi masa. Dokar ma ba sabuwa ba ce. Tun ranar 24 ga Janairun 2020, a zangon farko na mulkin Donald Trump, ma'aikatar harkokin wajensu ta cire zuwa haihuwa don neman zama ɗan ƙasa daga dalilan da ake ba da bizar ziyara dominsu. Abin da aka yi a 2025 tuni ne da ƙara ɗaure igiya. Wasu ƙasashen ma sun daɗe da wuce nan. Ingila ta daina ɗaukar jariri a matsayin ɗan ƙasa don kawai a can aka haife shi tun 1 ga Janairun 1983. Kemi Badenoch, wadda ta zama shugabar jam'iyyar Conservative a 2024, a Landan aka haife ta a 1980 aka dawo da ita Legas ta tashi, da haihuwarta ta yi jinkirin shekara uku da labarinta ya sha bamban. Ostireliya ta rufe tata ƙofar a 1986. Saudiyya kuwa, ƙasar da kowannenmu ke roƙon Allah ya kai shi, akwai jikokin Hausawa da aka haifa a Makka, iyayensu ma a Makka aka haife su, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, amma har yau da iƙama suke zaune, wasu ma ko ita babu.

Mu kanmu fa? Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 jini yake bi. Sai mahaifinka ko mahaifiyarka ko ɗaya daga cikin kakanninka ɗan Najeriya ne kafin haihuwarka a nan ta yi maka amfani. Idan mace ta taso daga Maraɗi ta haihu a Katsina, ita da mijinta da kakanni duk 'yan Nijar, ɗanta ɗan Nijar ne ko da a ƙofar gidan Sarki ta haife shi. To da wane baki za mu ce an zalunce mu don an hana mu abin da mu ma ba ma bayarwa?

Inda nake da ja shi ne yadda za a yi aiki da dokar. Ciki ba ya rubuce a goshi, niyya kuwa ta fi ciki ɓoyuwa. A 2020 an ce jami'ai ba za su riƙa tambayar kowace mace ko tana da juna biyu ba, sai in akwai dalili. Amma in aka ɗora wa ma'aikaci nauyin karanta zuciyar mutum cikin 'yan mintoci ta bayan gilashi, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce a'a. Malamar jami'a 'yar shekara talatin da aka gayyata taro, da 'yar kasuwa mai zuwa saro kaya, da amaryar da za ta je ganin mijinta ɗalibi, duk sai su zama abin zargi saboda shekarunsu da kuma kasancewarsu mata, dala 185 ɗin kuɗin fom kuma ba ya dawowa. Sannan akwai matar da likita ya gaya wa cewa jaririn da ke cikinta yana da ciwon zuciya, dole a yi masa aiki kwanaki kaɗan bayan ya faɗo. Dokar ta bar mata hanya, ta nuna asibitin da ya yarda zai karɓe ta, ta nuna tana da kuɗin biya. Ina fata hanyar a buɗe take da gaske, don wannan baiwar Allah rai take nema.

A da, mace in ta yi cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki. A gaban mahaifiyarta za ta sauka, a yi mata wankan jego safe da yamma, ta sha kunun kanwa, sai ta yi arba'in ta koma ɗakinta. Hikimar abin ita ce mace ta haihu inda ta fi samun natsuwa, tunda an ce haihuwa yaƙin mata ce. Tunanin yana nan daram, wurin da ake ganin natsuwar ne ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya a shekarar. In ka raba, sama da mata 200 ke nan kullum ta Allah. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa. Waɗanda suka tsira da rai kuma, duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano nan Jos ya ga 'yan matan da doguwar naƙuda ta bari da lalura, wasunsu ba su cika ashirin ba. Ba gidan da ba shi da labarin wance da ta shiga ɗakin haihuwa ba ta fito ba. Saboda haka ba zan taɓa zagin macen da ta ji tsoro ba.

Sai dai matan da ke mutuwa ba su ne a layin biza ba. Wadda jini ya ɓalle wa da tsakar dare a wani ƙauyen Wase ko Kanam, aka ɗora ta a bayan babur ana neman asibitin da ke da wuta, ko fasfo ba ta da shi. Masu zuwa Houston da Atlanta matan 'yan siyasa ne da na manyan ma'aikata da attajirai, sai kuma masu ƙoƙarin kamo ƙafarsu irin ƙanwata, waɗanda sai sun sayar da gado. A Afrilun 2001, a cikin garin Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika alkawarin ba, a mafi yawan shekaru ko rabi ba ta kaiwa. Marigayi Umaru 'Yar'aduwa a Jidda ya yi jinya a 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, a shekarar ce kuma uwargidansa Aisha ta fito fili ta koka kan yadda asibitin fadar shugaban ƙasa ya rasa kayan aiki. Mutumin da ya san jikansa a Texas zai zo duniya, janareton asibitin gwamnati in ya mutu ana tsakiyar tiyata ba jikinsa yake taɓawa ba. Idan rufe ƙofar nan zai sa matar gwamna ko 'yar minista ta kwanta a gadon da matanmu ke kwanciya, ni ba zan zubar da hawaye ba. Amma na san masu hannu da shuni suna da wasu hanyoyin. Kanada da Brazil har yanzu suna bai wa duk jaririn da aka haifa a ƙasarsu, akwai kuma tsibiran da ke sayar da fasfo ga mai kuɗi. Tarkon nan masu matsakaicin ƙarfi zai fi kamawa.

Akwai abubuwan da ejan ba ya faɗa wa mai ciki. Yaron ba zai iya nema wa iyayensa zama a can ba sai ya kai shekara 21. Amurka kuma tana bin 'yan ƙasarta da maganar haraji duk inda suke a duniya. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya da aka haifa a New York, sai da hukumar harajinsu ta bi shi kan gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye musu takardarsu. Wadda kuma ta haihu ta baro bashin asibiti, ranar da za ta koma sabunta biza za ta tarar da shi yana jiranta.

Ba na so a cakuɗa maganar biza da umarnin da Trump ya sa wa hannu ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da ya koma mulki, na hana zama ɗan ƙasa ga jariran da iyayensu ba su da takardun zama ko suke zaman wucin gadi. Wannan nan take aka maka shi a kotuna. Gyara na 14 na tsarin mulkinsu, na 1868, wanda ya ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, bayan yaƙin basasarsu aka yi shi saboda bayin da aka 'yanta, waɗanda kotun ƙolin ƙasar ta taɓa yanke hukunci a 1857 cewa ba za su zama 'yan ƙasa ba. A 1898 kotun ta tabbatar da shi a shari'ar Wong Kim Ark, ɗan wasu 'yan China da aka haifa a San Francisco. Hana mace biza tun tana ɗakinta a Gwarinpa na fahimce shi. Amma a dubi yaron da aka haifa a wuri, a nan zai yi rarrafe, a nan zai yi makaranta, bai san ko'ina ba sai nan, a ce masa ba ɗan nan ba ne, wannan na san ɗacinsa a harshena, don ni 'yar Jos ce.

Kakana yana saurayi ya baro wani ƙauye a ƙasar Kano ya hau dutse zamanin haƙar kuza. Ya yi lebura a wajen Barikin Ladi, daga baya ya shigo gari ya kama ɗinki. A Jos aka haifi mahaifina, a Jos aka haife ni, a Jos na haifi 'ya'yana huɗu. A ƙasar nan aka binne cibiyoyinmu, a nan kuma kakana da mahaifina suke kwance. Da babban ɗana ya gama sakandare aka nemi takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin gari, na ɗauki takardar haihuwarsa da tawa na je inda ake bayarwa. Ma'aikacin bai yi mini rashin kunya ba. Ya duba suna, ya ɗago ya ce, "Hajiya, sai dai ku je garinku a ba ku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai nan ne garinmu."

Ya ce, "Ina nufin garinku na asali."

Haka muka hau mota ni da yaron zuwa ƙauyen da ni kaina sau ɗaya na taɓa zuwa ina ƙarama. An karɓe mu da mutunci, aka kawo mana fura, amma tambayar farko ita ce, "Daga gidan wa?" Sai da aka nemo wani dattijo mai kusan shekara casa'in, ya yi dogon tunani, ya ce ya taɓa jin an yi wani mai wannan suna da ya tafi kuza bai dawo ba. Da shaidarsa dagaci ya rubuta mana wasiƙa, da wasiƙar muka samu takarda. Yau ɗana yana riƙe da shaidar cewa shi ɗan wani gari ne da ya kwana cikinsa dare ɗaya a rayuwarsa. A wajen hukuma takardar halas ce, da hatiminta da sa hannu. Ni kuwa duk lokacin da na tuna na hana ƙanwata yin ƙarya a gaban jami'in biza, sai zuciyata ta tuna mini da wannan takardar, da yadda ƙasata ta tilasta wa ɗana ya amsa sunan garin da ba nasa ba kafin ta ba shi gurbin karatu.

Tsarin mulkinmu da baki biyu yake magana. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa ko ƙabilarsa ko addininsa. Amma sashe na 14 ya kawo rabon muƙamai tsakanin jihohi, sashe na 147 ya ce kowace jiha sai an ɗauki minista ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya ɗaure zama ɗan jiha da al'ummar da iyaye ko kakanni suka fito. Wane ne ɗan asali, tun daga wace shekara ake fara ƙirge, wannan bai faɗa ba. Sai abin ya koma hannun ƙananan hukumomi, kowace da ma'auninta. Mu a Jos mun ga abin da wannan giɓin ya haifa. An ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 zamanin Babangida. A Afrilun 1994 rikici ya tashi kan wanda aka naɗa ya shugabance ta. Sai Satumbar 2001, sai Nuwambar 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, sai Janairun 2010. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. Garin da muka tashi ana aika wa maƙwabta naman layya, su kuma su aiko da shinkafar Kirsimeti, ya rabu unguwa-unguwa, har direban Keke ya san layin da zai tsaya ya ce iyakarsa ke nan. An kafa kwamitocin bincike ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma in ka tona, tambayar nan ce a ƙasa: garin na wane ne?

Na zauna da Birom da Anaguta da Afizere, na yi makaranta da 'ya'yansu, na san tsoronsu ba na ƙarya ba ne. Kamfanonin kuza sun cinye musu gonaki, suka tafi suka bar musu kududdufai masu cin yara da dabbobi. Su ba su da yawa, kuma in suka rasa ta cewa a nan, ba su da wata Kano ko Sakkwato da za su koma. Wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci Filato ba. Kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ɗan Birom ɗin da aka haifa a Sabon Garin Kano, da ɗan Ibon da kakansa ya buɗe shago a Gusau, da Bayeraben da ba ya jin wani yare sai Hausar Funtuwa, in suka je neman takardar nan amsar da aka ba ni ita za a ba su, da harshenmu kuma. Mu ma muna yi. Muna cewa baƙo raɓa ne, sai mu manta akwai raɓar da ta shekara ɗari ba ta tashi ba, ta gina gida, ta binne iyayenta.

A 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai bai wa mutum zama ɗan jiha ta hanyar haihuwa, ko zaman shekara 10, ko aure. Suka ta yi masa yawa, ya janye shi a watan Yuli, watan da ofishin jakadancin Amurka ya fitar da sanarwarsa. Na ga mutane da yawa suna kumfar baki kan sanarwar, kaɗan ne suka ɗaga kai suka dubi ƙudurin. Ban ce ba shi da gyara ba. A ganina kuskuren da ake yi kullum shi ne zuba komai a tukunya ɗaya. Sarautar gargajiya da filin gado da wuraren al'ada a bar wa masu su, ba wanda ya isa ya taɓa, kuma a rubuta hakan ƙarara yadda hankalin ƙananan ƙabilu zai kwanta. Amma gurbin makaranta, da kuɗin makarantar da ake ninka wa wanda aka kira baƙo, da tallafin karatu, da aikin malanta ko na jinya, waɗannan da harajin kowa ake yin su. Mai shago a Dilimi yana biya, mai sayar da dankali a Farar Gada tana biya, ba a tambayarsu garin kakansu ranar karɓar kuɗi. Ya kamata yaron da aka haifa a wuri, ya tashi a wurin, ya ci moriyar abin da iyayensa suka zuba.

Ƙanwata ba ta je intabiyu ba. A ƙarshen Nuwamba ta sauka a wani asibitin kuɗi a Abuja, an sha wuya har sai da aka yi mata aiki, amma Allah ya raba lafiya, namiji. Wani ɓangare na kuɗin filin Bukuru a nan ya tafi. Na je na zauna da ita har suna. Kwana biyu bayan suna maigidanta ya shigo da fom ɗin rajistar haihuwa, ya zauna a bakin kujera yana cikewa. Shi ma haifaffen Jos ne, kakansa daga ƙasar Katsina ya zo. Ya rubuta sunan yaro, ya rubuta ranar haihuwa, ya rubuta Abuja. Da ya zo layin jihar asalin uba sai biron ya tsaya. Abuja tana da nata 'yan asalin, Gbagyi da sauransu, haihuwa a cikinta ba ta mayar da kai ɗan gari. Katsina bai san kowa ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, me zan sa a nan?"

Mai jego tana jingine da filo tana shayarwa, ba ta ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Ya daɗe yana juya biron a hannunsa, sannan ya sunkuya ya rubuta Filato.